Ƙaro, zogale da citta: Yadda shafen kariya ke ƙara wa kayan gwari kwana

Wanda ya shiga Kasuwar Bakin Dogo da hantsi a tsakiyar watan Maris zai ga tumatir jajir a kwanduna, attaruhu da tattasai suna ƙyalli kamar an goge su da mai. Idan ya koma bayan La'asar zai tarar da labari ya sauya: an sayar da na sama, an kasa na tsakiya a rahusa, na gindin kwando kuwa ya zama ruwa, ƙudaje suna bi. Haka abin yake a Kasuwar Kawo ranar Talata, da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, da teburan masu kayan miya a Unguwar Rimi da Malali da Badarawa.

Wannan ruwa da ke tsiyaya daga gindin kwando jarin wani ne. Manomin Ikara ko Hunƙuyi ya biya kuɗin taki da na fetur ɗin ban ruwa, ɗan kasuwa ya biya kuɗin mota da na dako, sannan a ƙarshe a tattara asarar a ɗora wa mai saye, wato ma'aikacin da ke lissafin cefane da albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2019 cewa kusan kashi 14 cikin 100 na abincin duniya yana salwanta tun daga gona kafin ya kai hannun masu sayarwa da ɗai-ɗai. A Najeriya kuwa, ƙiyasin da aka fi ambata game da tumatir shi ne fiye da kashi 40 cikin 100 yana lalacewa kafin ya shiga tukunya.

Maganin da kowa ya sani shi ne ɗakin sanyi, amma sanyi yana buƙatar wutar lantarki mai ɗorewa, kuma mazauna Kaduna ba sa buƙatar a yi musu bayani a kan wannan. Shi ya sa masana kimiyyar abinci suka mai da hankali ga wata dabara da ba ta dogara da wuta ba: a yi wa ɗan itace ko kayan lambu wani siririn shafe da ido ba ya gani, wanda ake iya ci tare da shi, kuma wanda aka cuɗa da ruwan tsirrai masu hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Mafi yawan kayan haɗin wannan shafe abubuwa ne da Bahaushe ya daɗe da sani.

Abokan gaba uku

Kafin a fahimci maganin, sai an fahimci cutar. Tumatir ko mangwaro ba ya mutuwa ranar da aka tsinke shi. Yana ci gaba da numfashi: yana shaƙar iskar oksijin, yana ƙona sukarin da ke jikinsa, yana fitar da iskar kabon dayoksaid da ruwa da zafi. Tunda an raba shi da uwarsa, abin da ya ƙona ba ya dawowa. Masana sun tabbatar da cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 a ma'aunin Salshiyas yana ninka saurin wannan numfashi sau biyu zuwa uku. Saboda haka kwandon da ya wuni a rana a watan Afrilu yana tsufa ninkin wanda ya wuni a inuwa. Wasu 'ya'yan itatuwa, irin su tumatir da mangwaro da ayaba da gwanda da fiya, suna kuma fitar da wata iska mai suna etilin wadda ke gaggauta nuna. Idan ɗaya ya nuna a kwando, sai ya ja sauran.

Abokin gaba na biyu shi ne ƙafewar ruwa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyin tumatir ruwa ne, kuma mafi yawan abin da yake rasawa yana fita ne ta cibiyarsa, wato gurbin da aka tsinke shi daga reshe. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe ƙayau, tattasai da karas da kokwamba kan yanƙwane cikin kwana biyu ko uku. Ba su ruɓe ba, amma sun rasa nauyi da kyan gani, mai saye kuwa da ido yake fara ciniki.

Na uku su ne ƙwayoyin ruɓa, wato fumfuna da bakteriya. Suna nan a ƙasar gona, da ruwan wanki, da jikin tsohon kwando. Fatar tumatir lafiyayya tana tare mafi yawansu, amma da zarar tsinken kwando ya soke ta, ko nauyin na sama ya fasa na ƙasa a kan hanyar Zariya, to ƙofa ta buɗe. Daga nan sai abin da Hausawa suka ce: wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Mene ne shafen kariya?

Shafen kariya wata fata ce ta biyu da ake yi wa ɗan itace da abin da ake iya ci. Aikinsa uku ne, daidai da abokan gaban nan uku. Yana rage yawan iskar da ke shiga da fita, sai numfashi ya lafa, nuna ta yi jinkiri. Yana rage ruwan da ke tsiraro wa. Sannan yana riƙe sinadaran da ke hana fumfuna tsiro a kan fatar, inda ake buƙatarsu.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a ƙarni na 12 da na 13 mutanen ƙasar Sin suke shafa wa lemu kaki domin ya jure doguwar tafiya. A Amurka an soma yi wa lemu shafen kaki a matsayin kasuwanci tun a shekarun 1930. Tuffar da ake sayarwa a bakin titin Ahmadu Bello ma, wadda akasari daga ƙasashen waje ake shigo da ita, takan zo da irin wannan shafe. Wannan shi ne farin abin da ake gani a bidiyoyin da ke yawo a WhatsApp, inda wani ke kankare tuffa da wuƙa yana cewa an zuba mata guba. Gaskiyar magana ita ce tuffa tana da kakinta na halitta, wanda wanki a masana'anta ke cirewa, sai a maye gurbinsa da wani, sau da yawa kakin ganyen wata bishiya dangin giginya da ke fitowa a Barazil.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne neman kayan haɗi masu araha daga tsirrai, da kuma cuɗa su da abin da ke yaƙar ƙwayoyin cuta, maimakon magungunan feshi da mutane ke ɗari-ɗari da su.

Kayan haɗin suna ƙofar gida

Kowane shafe yana da gangar jiki, wato abin da ke bushewa ya zama fata. A nan ƙaro ne ke kan gaba. Bahaushe ya san ƙaro a wurin masu wankin hula, ya san shi a tawadar malamai masu rubutun allo da na takarda. Abin da ke sa hula ta tsaya cak tana sheƙi shi ne abin da ke yi wa tumatir fata ta biyu. Ƙaro mafi daraja daga bishiyar dakwara yake fitowa, kuma Najeriya tana cikin manyan ƙasashen da ke samar da shi tare da Sudan da Chadi, musamman daga jihohin Borno da Yobe da Jigawa. Akwai ma tashar binciken ƙaro a Gashuwa. Kamfanonin lemon kwalba da na alewa a Turai da Amurka sun daɗe suna amfani da shi, da lambar E414 a jikin kayansu. Mu muna sayar musu da shi ɗanye a buhu, alhali tumatirinmu yana ruɓewa a kwando.

Bayan ƙaro akwai sitacin rogo da na masara, da ruwan cikin ganyen alobera, da kakin zuma. Akwai kuma wani sinadari mai suna kaitosan da ake samu daga ɓawon jatan lande, wanda shi kansa yana hana fumfuna tsiro. Kowanne da ƙarfinsa da rauninsa. Ƙaro da sitaci sun iya tare iska, amma tunda suna son ruwa ba su cika hana shi fita ba. Kaki da mai sun fi tare ruwa, amma suna iya tsagewa. Shi ya sa masu bincike kan gauraya biyu, su ƙara ɗan gilisirin domin fatar ta yi laushi kada ta farfashe.

Sai kuma masu gadi, wato ruwan tsirrai. Kanumfari yana da wani sinadari mai suna yujinol, wanda shi ne ke sa a riƙa danna shi a haƙori mai ciwo. Tafarnuwa tana da alisin, wanda ke fitowa idan an daka ta. Citta da kirfa da ganyen zogale kowanne yana da nasa. Waɗannan sinadarai suna huda bangon ƙwayar cuta ko su hana ta tsiro. Idan aka yayyafa su kai tsaye sukan bi iska cikin ɗan lokaci, amma idan ƙaro ya riƙe su sai su riƙa fita sannu a hankali. Jihar Kaduna ba baƙuwa ba ce a nan, domin yankunan Kaciya da Jaba da Kagarko su ne cibiyar noman citta a Najeriya, zogale kuwa har a bayan gidaje yake.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2010 masu bincike a reshen Jami'ar Nottingham da ke Malesiya suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da tumatir wanda ya ƙosa amma bai yi ja ba. Sun tsoma shi a ruwan ƙaro mai kauri daban-daban, daga kashi 5 zuwa kashi 20 cikin 100, suka ajiye shi a digiri 20 har kwana 20. Wanda aka yi wa shafen kashi 10 shi ya fi: ya fi riƙe nauyinsa da taurinsa, ya yi jinkirin nuna, kuma ɗanɗanonsa bai ɓaci ba. A shekara mai zuwa rukunin masu binciken suka gwada ƙaro haɗe da man kirfa a kan ayaba da gwanda da aka ajiye a sanyi, suka ga ya rage cutar nan mai sa baƙin tabo a fata.

A Sifaniya, tun a 2005 masana a Jami'ar Miguel Hernández suka nuna cewa ruwan alobera yana tsawaita kwanan inabi a ɗakin sanyi. A Afirka ta Kudu kuma, masu bincike a Jami'ar KwaZulu-Natal sun cuɗa ruwan ganyen zogale a cikin shafe suka gwada shi a kan fiya, suka samu raguwar ruɓa da asarar ruwa. Har kasuwanci abin ya zama: kamfanin Apeel, wanda aka kafa a Kalifoniya a 2012, yana sayar da shafen da aka yi da kitsen tsirrai ga masu fitar da fiya da lemu.

Sai dai a lura da abu guda. Digiri 20 na ɗakin gwaji ba shi ne zafin rumfar kwano a Kawo ba, inda a watannin Maris da Afrilu ma'auni kan haura digiri 35. A irin wannan zafi, abin da shafe zai iya bayarwa 'yan kwanaki ne, ba makonni ba. To amma ga mai kayan gwari, kwana biyu ko uku su ne bambancin da ke tsakanin sayarwa da daraja da karyar da kaya da magariba.

Yadda ake yin sa

Tsarin da masu bincike ke bi ba shi da wuyar fahimta. Da farko a tsince kayan, a fitar da duk wanda ya fashe ko ya yi tabo. A wanke sauran da ruwa mai tsabta, a bar su su tsane sarai. A jiƙa ƙaro mai kyau, gram 100 a ruwan da zai cika lita ɗaya, a ɗumama shi kaɗan ana motsawa har ya narke, a tace da ƙyalle mai tsabta domin fitar da ɓawo da yashi. Idan ya huce sai a zuba ruwan tsiron da aka zaɓa daidai gwargwado. A tsoma kayan na minti biyu zuwa uku, a shanya su a inuwa inda iska ke kaɗawa har su bushe, sannan a jera su.

Kowane mataki yana da dalili. Wanda ya tsallake tsincewa ko wanki, ya rufe ƙwayoyin cuta ne a ƙarƙashin shafen. Wanda ya tattara kayan kafin su bushe, ya yi wa fumfuna shimfiɗa.

Inda gizo ke saƙa

Shafen kariya ba ya ta da matacce. Tumatirin da ya riga ya fashe a mota tsakanin Soba da Kaduna ba shi da sauran magani, sai tukunyar ranar. Saboda haka wurin da ya fi dacewa a yi shafen shi ne kusa da gona ko wurin tara kaya, a ranar da aka tsinka, ba a teburin mai kasawa ba bayan kwana uku.

Kauri ma yana da iyaka. Idan shafen ya toshe iska gaba ɗaya, ɗan itacen zai shaƙe, ya soma tsami daga ciki, ya riƙa warin barasa ko ya ƙi nuna daidai. Haka nan idan ruwan tsiron ya yi yawa, yana iya ƙona fatar ko ya bar ƙamshinsa. Ba wanda zai sayi mangwaro mai warin tafarnuwa. Abin da ya yi wa tumatir daidai kuma ba lalle ya yi wa gwaba ba, kayan ganye irin su latas da alayyafo kuwa ba nan ne maganinsu yake ba.

Babban haɗari shi ne ruwa. Baho ɗaya da aka yi ta tsoma kaya a ciki tun safe zai iya zama hanyar raba cuta ga kwando ɗari. Ruwan ƙaro da na sitaci su kansu abinci ne ga ƙwayoyin cuta idan suka kwana. Sannan ƙaron da ake sayarwa don wankin hula ba a tanade shi don ci ba. Wanda za a sa a abinci dole ya zama tsabtatacce, sananne asali. Kalmar "na gargajiya" ko "daga tsiro" ba ta isa shaida ba, domin a cikin tsirrai ma akwai masu illa.

Akwai kuma tambayar da mai karatu Musulmi zai yi: halal ne? Ƙaro da sitaci da alobera da zogale tsirrai ne, babu shubuha a kansu. Amma wasu shafe-shafen da ake yi a ƙasashen waje suna ɗauke da sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabba, wanda zai iya zama na alade. Wannan ma wani dalili ne na fifita kayan gida da kuma tilasta rubuta abin da aka haɗa a jikin kowane mazubi.

Kada kuma a haɗa wannan da kabaid, sinadarin masu walda da wasu ke turara wa ayaba da mangwaro domin su nuna da wuri. Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, ta sha gargaɗi a kansa saboda illarsa ga lafiya. Kabaid yana gaggauta nuna ne da guba, shafen kariya kuwa yana jinkirta ta da abin da ake ci. Duk da haka, duk wanda zai haɗa shafe ya sayar wa jama'a, wajibi ne ya bi ta hannun hukumar. Mai saye kuma kada ya daina wanke abin da zai ci, da shafe ko babu.

Ba shi kaɗai zai yi ba

Matsalar tumatir a Arewa hawa-hawa ce. A watan Mayun 2016 Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir saboda tsutsar da manoma ke kira sharon. Wannan matsalar gona ce, shafe ba ya taɓa ta. Tsadar da ake sha da damina bayan arahar rani kuwa matsalar ajiya ce ta watanni, wadda maganinta kauɗa ce da masana'antun sarrafawa irin na Tomato Jos da ke Kangimi a Ƙaramar Hukumar Igabi. Shafen kariya gurbinsa shi ne 'yan kwanakin da ke tsakanin gona da tukunya.

A wannan gurbi ma yana da abokan tafiya. Akwatin roba da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya yana hana na sama danne na ƙasa, abin da kwando ba ya yi. Tsinka da sanyin safiya da ajiyewa a inuwa ba sa cin ko kwabo. Ga kuma tukunya cikin tukunya, dabarar da malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ƙafewar ruwan ta sanyaya abin da ke ciki. Ta fi aiki a lokacin rani, wato daidai lokacin da kayan gwari suka fi yawa. Idan aka haɗa tsincewa da akwati da inuwa da shafe, kowanne zai toshe ƙofar da ɗan'uwansa ya bari.

Wa zai ɗaura wa kyanwa ƙararrawa?

Ɗan kasuwa ba ya karɓar dabara don ta yi kyau a takarda. Lissafinsa a fili yake: nawa zan kashe a kan kwando ɗaya, nawa zan tsira da shi? A ƙaddara mutum yana zubar da kashi ɗaya cikin biyar na kowane kwando. Idan shafe ya rage wannan da rabi, kuma kuɗin ƙaro da ruwa da ladan mai aiki bai kai darajar abin da aka ceto ba, to ba sai an yi masa wa'azi ba. Idan kuwa ya zarce, ko kyauta aka koya masa ba zai ci gaba ba. Farashin ƙaro kuma ba a tsaye yake ba, musamman tun da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya dagula kasuwarsa ta duniya, abin da ke ƙara wa sitacin rogo da alobera muhimmanci.

Amsar wannan lissafi a kasuwa take, kuma masu iya fitar da ita suna kusa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana da sashen fasahar abinci. Jami'ar Jihar Kaduna tana kan titin Tafawa Balewa, tafiyar 'yan mintoci daga manyan kasuwannin gari. A Zariya akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Basawa, ga kuma Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona mai hedikwata a Ilori da reshe a Kano. Abin da ake buƙata daga gare su shi ne gwaji a rumfar kasuwa, da irin tumatirin da ake nomawa a nan, a zafin nan, tare da ƙungiyoyin 'yan gwari. Sannan a fitar da gari guda, aunanne, mai rajista, wanda za a ce wa mutum ya zuba ƙulli ɗaya a bokiti ɗaya.

Kafin wannan rana ta zo, akwai abin da ke hannun kowa. Ɗan kasuwa ya tsince kayansa tun da safe, ya raba fasasshe da lafiyayye, ya kau da su daga rana, ya guji duk wani haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba. Uwargida ta baje cefanenta a wuri mai iska maimakon ta bar shi ɗaure a leda, ta raba ayaba nunanna da sauran kaya. Jami'an da ke tsara kasafin aikin gona kuma su tuna cewa tumatirin da aka ceto daga ruɓa ya riga ya sha taki da ruwa da gumi, don haka ya fi wanda za a sake nomawa araha.